Sassaben zamani a cikin jini: abin da ciwon emasi ya koya wa gidanmu

 Yau maganar cikin gida muka kawo muku. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi, musamman iyayenmu mata, don su ne ke kwana zaune idan ciwon nan ya tashi.

A gidanmu akwai yarinya 'yar shekara bakwai, ɗiyar ƙanwarmu, mai fama da emasi, ciwon da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira sikila ko amosanin jini. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, gabanmu ya fara faɗuwa ke nan. A sanyin da ya wuce, cikin tsakiyar dare ta farka tana ihu da ƙafafu da baya. Muka naɗe ta da bargo, aka ɗora ta bisa babur zuwa likita. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi allurar kashe zafi, da gari ya waye aka ce jininta ya yi ƙasa, sai an ƙara. Mu uku muka miƙa hannu, na mutum ɗaya ya dace.

A nan bakin ɗakin, Inna tana zaune bisa tabarma da carbi a hannu, ta yi wata tambaya da ba wanda ya iya amsawa. Ta ce: "Ni abin da ya ɗaure mini kai, yarinyar nan lafiya lau aka haife ta. Wata biyar cur ko zazzaɓi ba ta yi ba. In da ciwon aka haife ta, to ina ya ɓuya?" A wurin Inna wannan shi ne shaidar cewa akwai hannu a ciki. Haka ta ce lokacin da wan yarinyar ya rasu yana ɗan shekara uku, kuma har yau akwai maƙwabciyar da ba su cika gaisawa ba saboda wannan zargi.

Amsar ba ta zo ba sai da bazara, lokacin da ƙanenmu mai karatun kimiyyar halittu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ya zo hutu ya tarar da mu a gona muna sassabe. A ƙarƙashin gawo, muna shan fura, ya warware mana zancen, kuma abin da ya faɗa da abin da muka bincika daga baya shi muke son mu raba da ku.

Ya ce a cikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani furotin mai suna himogulobin, shi ke dakon iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. Kowane furotin kamar carbi yake, 'ya'ya ne a jere. A jikin mai emasi, ɗan carbi guda ɗaya tak, na shida a jerin, shi ne ya sauya. Idan iska ta yi ƙaranci, sai himogulobin ɗin ya manne da juna ya sandare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Zafin da yarinyar ke ji ke nan. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana wajen 120 tana aiki, ta mai emasi kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Ƙarancin jinin ke nan.

To ina ciwon ya ɓuya wata biyar? Jariri a cikin ciki da wani himogulobin dabam yake rayuwa, na jarirai, wanda ba ya sandarewa. Bayan haihuwa sai jiki ya riƙa rufe ƙofar na jarirai a hankali, yana buɗe ta na manya, har zuwa wajen wata shida. Sai na manyan ya mamaye jini sannan ciwon ke bayyana. Wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948. Da muka kai wa Inna wannan bayani, ta yi shiru can, sannan ta ce: "To su buɗe ƙofar mana." Wallahi ba ta san ta faɗi abin da manyan masana suka shafe shekaru suna nema ba. Ƙofar tana nan a jikin kowa, ba a rushe ta ba. Wasu furotin ne ke zaune a bakinta kamar kwaɗo. Babbansu, mai suna BCL11A, masu bincike a Boston ta Amurka suka tabbatar da aikinsa a 2008. In an cire kwaɗon, himogulobin na jarirai zai dawo.

Yaya za a cire furotin guda ɗaya daga cikin dubbai, a cikin ƙwayar da ido ba ya gani? A nan ne ƙanenmu ya nuna kututturen sabarar da muke gyarawa ya ce: "Yaya, ai abin da kuke yi yanzu shi jiki ke yi dare da rana."

Mu mutanen yankin nan ba sai an koya mana sassaben zamani ba. Tun shekarun 1980 da aka farfaɗo da shi a jihar Maraɗi, ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kansa har baƙi na zuwa gani daga ƙasashen waje. Da can, manomi share gona yake yi ƙarƙaf ya cinna wuta. Yanzu sai ya tsaya gaban kututturen kalgo ko sabara ko taramniya, ya dubi tohon nan goma ko fiye, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Wanda aka sare ma ba ya tafiya a banza, ya zama makamashi, ganyen ya zama taki. Kowa na iya riƙe gatari. Gwanintar tana ga idon da ke gane wanne za a sare.

Haka ƙwayar halitta take. Kullum tana ƙera sababbin furotin, kullum tana rushe waɗanda suka lalace ko suka gama aikinsu. Tana da injin niƙa nata, mai siffar ganga, ana ce masa furotiyasom. Furotin ya shiga ta baki ɗaya, a warware shi, a daddatsa shi guntu-guntu, a sake gina wani da 'ya'yan carbinsa. Amma injin ba ya niƙa duk abin da ya gani. Sai wanda aka sa wa shaida.

Shaidar wani ɗan ƙaramin furotin ne mai 'ya'yan carbi 76, sunansa yubikwitin. Ana liƙa shi a jikin wanda za a rushe, a liƙa wani bisa na farko, a ƙara, har su zama sarƙa ta kamar huɗu ko fiye. Injin na ganin sarƙar sai ya karɓa. Yubikwitin ɗin kuma a cire shi a sake aiki da shi, kamar yadda mahauci ke kwance igiya daga wuyan akuya ya koma da ita kasuwa. Masana uku suka gano wannan tsari a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980: Avram Hershko da Aaron Ciechanover a Haifa, da Irwin Rose a Filadelfiya. An ba su kyautar Nobel a 2004. Wani abin da ya burge mu, a cikin sababbin jajayen ƙwayoyin jinin zomo suka yi aikin. Daga jini labarin ya fara, ga shi yana dawowa kan jini.

Ma'aikata iri uku ke sa shaidar. Na farko ya ɗauko yubikwitin ya shirya shi, na biyu ya yi dakonsa, na uku, wanda masana ke kira E3, shi ne mai ido, shi ke nuna wanda za a liƙa wa. Jikin ɗan Adam yana da irin waɗannan masu ido sama da 600, kowanne da irin alamar da ya sani. Wani yana gane furotin da ya lalace, don abin da ya kamata ya kasance a ɓoye cikin cikinsa ya leƙo waje, kamar rigar da aka sa a bai-bai. Wani yana duba ɗan carbin farko na jerin, daga nan yake sanin ko furotin mai daɗewa ne ko mai saurin tafiya. Wani kuma sai an ɗiga wa furotin wata 'yar alama tukuna. Misali akwai furotin mai suna HIF, mai sa jiki ya ƙara yin jini idan iska ta yi ƙaranci. Muddin iska ta wadata, ana ɗiga masa alama, mai ido ya gan shi, a niƙe shi nan take. Iska na raguwa alamar ta daina sauka, sai ya taru ya tashi aiki. Waɗanda suka gano wannan ma sun samu Nobel a 2019.

Yanzu ga inda magani ya shigo. Yawancin magungunan da muka sani, suna neman wani ɗan rami ne a jikin furotin su toshe shi ya kasa aiki. Amma furotin da yawa, har da masu gadin ƙofar nan ta jarirai, ba su da ramin kirki da magani zai shiga. Shekara da shekaru ana cewa magani ba ya kama su. Sai masana suka yi wani tunani: me zai hana a haɗa mai ido da furotin ɗin da ake son kawarwa, jiki da kansa ya niƙe shi?

Hanyar ta fito ne daga wani mummunan tarihi. A 1957 aka fara sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma, mata masu ciki na shan sa don laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi yara sama da 10,000 a ƙasashe da dama da guntayen hannuwa da ƙafafu. Kusan shekara hamsin ba a san takamaiman abin da yake yi a jiki ba. Sai a 2010 masu bincike a Japan suka gano yana manne wa wani furotin mai suna sereblon, wanda ɓangare ne na ɗaya daga cikin masu idon nan. Maganin yana zama kamar danƙo a fuskar sereblon, ya sauya masa gani, sai ya riƙa cafke furotin da a da ba ruwansa da su. A jikin ɗan tayi, yana sa a niƙe furotin da ake buƙata wajen ginin gaɓoɓi. A 2014 kuma aka gano cewa ɗan uwansa, lenalidomaid, yana kashe wata sankarar ɓargo ne ta wannan hanyar, yana sa a niƙe wasu furotin biyu da sankarar ba ta rayuwa sai da su. Gatari ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne reshen da ya sauka a kai.

Daga nan aka shiga ƙera irin waɗannan magunguna da gangan. Wasu danƙo ne irin wanda muka faɗa. Wasu kuwa kamar dillali suke a kasuwar Cadawa, hannu ɗaya riƙe da mai saye, ɗaya riƙe da mai sayarwa, ya haɗa su, ciniki ya faɗa, ya saki ya nufi wasu. Craig Crews da Raymond Deshaies suka fara nuna irin wannan dillali a 2001. Amfaninsa shi ne ƙwayar magani guda tana iya kai furotin da yawa injin niƙa ɗaya bayan ɗaya.

A watan Yulin 2024, masu bincike na kamfanin Novartis suka wallafa a mujallar Science cewa sun samu danƙon da ke sa sereblon ya cafke wani furotin mai suna WIZ, shi ma yana cikin masu gadin ƙofar jarirai. Da aka niƙe shi, himogulobin na jarirai ya ƙaru a ƙwayoyin jinin mutum a ɗakin gwaji, ya kuma ƙaru a jikin ɓeraye da birai. An shiga matakin farko na gwada irin wannan magani a jikin mutane.

Me ya sa wannan ya shafe mu, mu da ke tsakanin Gangara da Tsibiri? Saboda akwai wata hanyar buɗe ƙofar da ta riga ta samu amincewa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a gyara su yadda BCL11A zai yi shiru, a mayar masa. Yana aiki. Amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sama da sefa biliyan ɗaya ga mutum guda, ban da makonnin kwanciya a asibiti na musamman da magani mai ƙarfi da ke share tsohon ɓargo. Ko gero da gyaɗar ƙauyenmu duka aka sayar shekara goma ba za a haɗa ba. Alhali cikin yara sama da rabin miliyan da ake haifa da wannan ciwo kowace shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara suke. Ƙwayar haɗiya kuwa tana shiga kwali, ta hau mota, ta bi kwalta daga Gidan Rumji har Gazawa. Shi ya sa muka sa ido a kan wannan bincike.

Amma jama'a, ku ji sauran zancen, don shi ne ainihin abin da ya sa muka yi wannan rubutu.

Akwai ɗan wanmu da ke neman ɗiyar gwaggonsa, an riga an kai gaisuwar iyaye, an ce biki bayan kaka. Saboda abin da muka gani a gida, muka matsa sai sun je an yi musu awon jini. Sakamako ya fito, shi AS, ita ma AS. Dukansu lafiyarsu ƙalau, ba wanda ya taɓa kwanciya. Amma kowane ciki da za ta ɗauka, akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai emasi, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, na fari bai rage wa na biyu komai ba. Yaron ya same mu da dare ya ce: "Baba, ai ku da bakinku kuka ce Turawa sun gano magani. Kafin mu haihu ya iso."

Jikinmu ya yi sanyi. Labarin da muka riƙa bayarwa a majalisa don mu ƙarfafa wa uwar yarinya gwiwa, shi ne yaro ya ɗauka ya mayar hujja. Muka zaunar da shi muka ce masa: abin da ya yi aiki a jikin biri bai zama magani ba tukuna. Mafi yawan magungunan da ke shiga gwajin mutane ba sa kaiwa kanti. Wanda ya kai ma yakan ɗauki shekaru, sannan a zo maganar kuɗi, sannan a zo maganar isowarsa nan. Kuma duk maganin da ke bi ta hannun sereblon, dole a yi masa binciken ƙwaƙwaf a kan mata masu ciki, saboda tarihin talidomaid. Ko ya iso, sassauta ciwon zai yi muddin ana sha, ba zai goge shi daga jinin zuri'a ba.

Don haka duk wanda ya zo muku da kwalba a kasuwa ko a WhatsApp ya ce sabon maganin Turai ne mai mayar da SS ya koma AA, ku riƙe kuɗinku. Babu wannan ƙwayar a ko'ina.

Abin da ke hannu yau shi ne wannan. Akwai tsohon magani da likitoci ke rubutawa hydroxyurée, shi ma yana ƙara himogulobin na jarirai ta wata hanyar, an amince da shi don emasi a Amurka tun 1998. Gwajin da aka yi kan yara a Angola, Kwango, Kenya da Uganda ya nuna yana rage tashin ciwo, da ƙarin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da mace-mace. A Kano ma, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya yi aiki da shi wajen kare yara masu emasi daga shanyewar ɓarin jiki. Sai dai ba a shan sa da ka, likita ne ke auna shi da nauyin yaro, yana bibiyar jini lokaci-lokaci. Ku tambayi likitanku a kansa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi, ko da yake daga nan tafiyar sama da kilomita 600 ce. Sauran kuwa mun san su: gidan sauro kowane dare, maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa yara da damina, allurar rigakafi a kan lokaci, ruwan sha da yawa, rigar sanyi da ruwan ɗumi da hunturu, kuma zazzaɓi na kama yaro mai emasi a nufi likita, kada a jira gari ya waye. Sai uwa uba, awon jini tun kafin a kai gaisuwa, tun kafin zukata su ƙullu. Mu mun makara da wannan, kuma laifinmu ne mu manya.

Har yanzu da muke wannan rubutu, gidajen biyu ba su yanke magana ba. Gwaggo ta ce zumunci ya fi ƙarfin takarda. Yarinyar da za a aura ba ta ce komai ba, amma ranar da ciwon ɗiyar ƙanwarmu ya sake tashi, ita ta kwana tana gasa mata ƙafafu da tsumma mai ɗumi, kuma da safe an ga idanunta sun yi ja. Ba mu tilasta musu ba, ba za mu tilasta ba. Mun dai tabbatar sun san lissafin yadda yake.

Inna kuwa, ranar Juma'ar da ta wuce ta zuba fura a ƙwarya ta ba jikarta ta ce ta kai wa maƙwabciyar nan. Ba ta yi wa kowa bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyayen da ke jinya haƙuri da lada. Sai mun sake haɗuwa.